Na rubuta farashi, amma kullum sai an ce min "nawa ne?"

Tambaya:

Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce a Agege, ina haɗa turaren wuta da humra a gida, kayan haɗin daga Maiduguri ake aiko min. Ɗan yayana da ya koyi aikin kwamfuta ya tsara min talla, hoto ɗaya mai ado da kuma dogon bayani da nake turawa a WhatsApp da Instagram. Ga su nan na haɗo miki. Ya yi aikin da zuciya ɗaya, ni ma na ba shi ladan wahalarsa. To amma ba abin da ya sauya. Duk wadda ta shigo sai ta ce "nawa ne?", "a ina kike?", "kina kawowa Lekki?", alhali duk amsoshin suna ciki. Wata ma ta yi ta ƙoƙarin turo kuɗi tana kuskuren lambar asusu wajen kwafa daga hoton, har ta gaji ta fasa. Na fara jin haushin kwastomomi, ina ganin ko lalaci ne ko raini. Shi kuma yaron in na yi magana sai ya ce ai haka manyan kamfanoni suke yi. Maraya ne, a hannuna ya tashi, ba na son in karya masa gwiwa. Ya zan yi?

Wata 'yar uwa daga Agege, Legas

Amsa:

Wa alaikumus salam Hajiya. Allah Ya ƙara wa sana'a albarka, Ya kuma saka miki da alheri kan riƙon maraya.

Ki fara sauke haushin nan daga ranki. Kwastomominki ba su raina ki ba. Wadda ta raina ki ba za ta ƙona datarta ta turo miki tambaya ba, wucewa za ta yi. Matar da ta ce "nawa ne?" tana son saye ne, ta nemi farashin a inda idonta ya sauka ba ta gan shi ba, sai ta tambaya. Abin da ya fi damuna ma su ne waɗanda suka nema ba su gani ba, suka yi shiru suka tafi wurin wata. Su ba za ki taɓa jin labarinsu ba.

Na buɗe saƙon naki a waya, yadda kwastoma za ta buɗe shi. Sallama da addu'a sun ci layi huɗu. Daga nan sai tarihin yadda kika koyi haɗin turare wurin kakarki. Sai yabon kaya: ƙamshi mai ratsa zuciya, wanda babu irinsa a faɗin Najeriya, ga imojin wuta da na zuciya tsakanin kowace kalma biyu. Kafin in kai ga farashi WhatsApp ya riga ya datse saƙon, ya bar 'yar kalmar nan da sai an taɓa ta sauran zai fito. Da na taɓa, sai na tarar da farashin a sakin layi na bakwai, an saƙa shi cikin jimla ɗaya mai tsawo, kaya shida da kuɗi shida a jere ba rabewa. Wurin da kike kuwa can ƙasa yake, kuma abin da aka rubuta shi ne "muna nan Legas". Gaskiya kika faɗa, duk amsoshin suna ciki. Amma sai wanda ya zauna ya karanta daga farko har ƙarshe zai same su, kuma kusan babu mai yin haka a kan allo.

Ba halin matan Legas ba ne kaɗai, kuma ba yau aka fara ba. Tun 1997 wasu masu bincike a Amurka, Jakob Nielsen da John Morkes, suka zaunar da mutane gaban kwamfuta suna lura da yadda suke karanta rubutun intanet. Kashi 79 cikin ɗari zazzaga ido kawai suke yi suna tsintar abin da suke nema. Kashi 16 ne suke bin rubutu kalma bayan kalma. A 2006 Nielsen da abokan aikinsa suka sake gwaji da na'urar da ke bin motsin ido, kan mutum 232, suka ga ido yakan bi layukan sama daga hagu zuwa dama, ya ɗan sauko ya bi rabin wani layin, daga nan ya gangara ta gefen hagu yana lasar kalma ɗaya ko biyu ta farkon kowane layi. Sawun idon yakan fito kamar harafin F. A kan faffaɗan allon kwamfuta ke nan, mutum yana zaune a natse.

Ki kwatanta da taki kwastomar. Tana cikin danfo, motar hayar Legas, a gosulon Ikorodu Road, hannu ɗaya riƙe da jaka, rana na dukan gilashin wayar, wataƙila gilashin ma a tsage. Ko tana kicin tukunya na kan wuta, yaro na jan zaninta. Daƙiƙoƙi kaɗan za ta ba ki. Ki tuna kwandastan danfo a tashar Oshodi. Ba ya ba ki labarin shekarar da aka sayi motar ko kirkin direba. Sunan inda za shi yake kira, in kin matso ya faɗi kuɗi, sauran magana sai kin shiga. Tallarki ma ta fara da abin da mai saye ta zo nema: me ake sayarwa, nawa ne, a ina, yaya zai iso hannuna. 'Yan jarida sun daɗe da wannan tsari, labari mafi muhimmanci a layin farko, ƙarin bayani ya biyo baya, domin wanda ya tsaya a tsakiya ma ya tafi da abin da ya kamata ya sani.

Na ɗauki bayanan da ke cikin saƙonki na sake jera su, ban ƙara komai ba sai abin da ke cikin wasiƙarki:

Assalamu alaikum. Turaren wuta da humra haɗin gida, Agege, Legas.

Humra baƙa, ƙaramar kwalba: ₦4,000
Humra baƙa, babbar kwalba: ₦9,000
Humra fara, ƙaramar kwalba: ₦4,500
Turaren sandal, kwalba: ₦6,000
Turaren hawi, kwalba: ₦5,000
Kajiji, kwalba: ₦3,500

Muna kaiwa ko'ina a Legas, kuɗin kaiwa daban. Turo sunan abin da kike so da unguwarki.

Wannan duka zai shiga allon waya ɗaya ba sai an ja sama ba. Ki lura ban cire sallama ba, kuma ba zan taɓa ce miki ki cire ba. Mu ba ma faɗa wa mutum kai tsaye ba gaisuwa, kuma kwastoma Bahaushiya za ta ji wani iri in kika yi haka. Layi ɗaya dai ya ishe ta. Addu'a ki kai ta ƙarshe, ladanta bai ragu ba. Tarihin kakarki kuwa abu ne mai daraja, ni ma ya taɓa ni, kuma shi ne ya bambanta ki da masu saro turare a kasuwa su sake masa kwalba. Ki ba shi ranarsa daban, ki sa shi a sitatus da hoton hannunki kina jiƙa icen sandal. Kada dai ya tsaya tsakanin mai saye da farashi.

Kowane kaya da layinsa, sunan kayan a farkon layi, domin nan ido yake bi. Ki kira kaya da sunan da masu saye suke kiransa. Na ga yaron ya raɗa wa humra baƙa wani suna na Turanci mai daɗin ji. Matar da ta zo neman humra baƙa ba za ta gane ita ce ba, sai ta sake tambaya. In kina son sunan ado, ya biyo bayan sunan da aka sani. "Ƙarama" da "babba" ma suna buƙatar ƙarin haske, domin ƙaramar kwalbarki ba lallai ta zama daidai da ta maƙwabciyarki ba. Ki duba mililita (ml) nawa kwalbar take ci ki rubuta, ko ki ɗauki hotonta a tafin hannu a ga girmanta.

In kina son wata kalma ta fito, WhatsApp yana kaurara duk abin da kika sa tsakanin alamar tauraro (*) biyu. Ki yi wa kalma ɗaya ko biyu kawai. Saƙon da aka kaurara rabinsa babu abin da ya fito a cikinsa. Haka manyan baƙaƙe: layi guda da su zalla yana gajiyar da ido, kuma kamar ana ɗaga wa mutum murya ne. Imoji ɗaya a kan magana ya wadatar.

Zancen yabo ina so mu ɗan tsaya a kai, domin na san da wuya mai kaya ta haƙura da shi. A binciken 1997 ɗin nan sun ɗauki rubutu guda mai cike da kirarin talla suka sake shi ta hanyoyi daban-daban, suka auna yadda mutane suke samun abin da suke nema da yadda suke tuna shi. Da aka rage yawan kalmomin zuwa kusan rabi, sauƙin amfani da rubutun ya ƙaru da kashi 58. Da aka jera shi yadda ido zai tsinta da sauri, kashi 47. Da aka cire zuzutawa kawai aka bar zahirin magana, kashi 27. Da aka haɗa ukun, kashi 124. Dalilin na ukun ba ɓoyayye ba ne. Duk mai sayar da turare a Instagram tana cewa nata babu irinsa, don haka mai karatu ta saba tsallake irin wannan jimla, kuma kowace jimla da ta tsallaka tana rage mata yarda da ta gaba. Ki gaya mata abin da za ta iya gwadawa da kanta. Me kika haɗa a ciki, mai sanyi ne ko mai ƙarfi, na ɗaki ne ko na kaya, a kasko da garwashi ake sa shi ko yana yi a na lantarki, kwana nawa yakan yi a jikin tufa in kin tabbatar da hakan. Mace mai sanin turare wannan take son ji.

Sai hoton. A ido yana da kyau, yaron yana da hannu, wannan ba ta da musu. Amma an ɗora masa kayan da ba nasa ba. Rubutun ruwan zinare ne siriri mai lanƙwashe-lanƙwashe, an shimfiɗa shi a kan hoton kwalabe da hayaƙi mai ruwan ƙasa. Inda harafi ya faɗa kan duhu ana ganinsa, inda ya faɗa kan hasken kwalba ya ɓace. Akwai ma'auni a kan wannan, kuma ɗanki zai gane shi in kika ambata masa. Ƙungiyar W3C mai tsara ƙa'idojin intanet ta fitar da sharuɗɗan da ake kira WCAG, kuma tun bugun 2008 suka ce bambancin haske tsakanin rubutu na yau da kullum da bangon da yake kai kada ya gaza 4.5 bisa 1, manyan haruffa kuma 3 bisa 1. Baƙi a kan fari shi ne ƙololuwa, 21 bisa 1. Akwai manhajoji na kyauta da ake zuba launuka biyu su ba da lissafin nan take. In yana son zinarensa, ya sa shi a kan bango mai duhu sosai wanda babu hoto a bayansa, haruffan kuma su yi kauri.

Salon haruffan da ya zaɓa ma ba shi da baƙaƙenmu masu ƙugiya. Inda ya rubuta "ƙamshi", wani ɗan akwati ne ya fito a gurbin harafin farko. Yawancin haruffan ado haka suke, ba a yi su da ɓ da ɗ da ƙ ba. Kafin ya zaɓi kowane salo ya fara gwada waɗannan ukun, manya da ƙanana.

Ki kuma tuna su wa suke kawo miki babban ciniki. Iyayen amare ne da gwaggonni masu haɗa kayan ɗaki, su ke sayen kwalba goma a tashi ɗaya. Daga shekara 40 zuwa sama ido yakan fara gazawa wurin ƙananan rubutu na kusa, wannan halitta ce. Yaro ɗan ashirin da wani abu da ya tsara hoto a babban allon kwamfuta ba zai ji wannan a jikinsa ba. Rubutun saƙo na yau da kullum yana bin girman da mai wayar ta saita wa kanta. Rubutun cikin hoto ba ya bi, sai ta buɗa shi da yatsu biyu, ta ja hagu ta ja dama, kuma da yake WhatsApp yakan matse hoto ya rage masa nauyi, tana buɗawa lambobin suna dusashewa, 3 ta koma kamar 8.

Wata matsalar ta fi wannan. Tun da hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince wa kamfanonin waya ƙarin kuɗi har kashi 50 cikin ɗari a watan Janairun 2025, wasu sun ƙara tsuke hannu a kan data. Da yawa sun kashe saukar hoto kai tsaye. Abin da irin wannan kwastomar take gani daga gare ki shi ne wani dishi-dishi da kibiya a tsakiya, sai ta ga dama ta taɓa. Rubutu kuwa yana shiga ko sabis ya yi rauni. Ana iya kwafarsa, ana iya tura wa miji ko ƙawa, kuma bayan wata biyu in ta rubuta "humra" a wurin bincike na WhatsApp saƙonki zai fito. Wadda ba ta gani, da ke amfani da manhajar da ke karanta mata allo da murya irin TalkBack, rubutun saƙo take ji sarai, na cikin hoto kuwa ba ta da tabbas a kansa. Saboda haka hoto ya nuna kaya, da sunan sana'arki in kina so. Farashi, lamba da wuri su zauna a rubutu.

Lambar asusu ita ce ta fi ba ni takaici a wasiƙarki, domin ciniki ne da ya riga ya faɗa ya kuɓuce. Lamba goma ce, kuma ta ƙarshen an sa ta ne don ta tantance sauran, shi ya sa in an yi kuskure galibi banki yakan ƙi karɓa. Baiwar Allah nan tana fita daga hoton ta shiga manhajar banki, ta rubuta huɗu ta manta sauran, ta dawo, ta koma. Daga yau lambar ta tafi a saƙo nata ita kaɗai, lamba goma a haɗe ba tazara ba wata kalma, yadda za a danna a riƙe a kwafe. Sunan banki da sunan da zai fito a asusun su biyo a saƙo na biyu, domin mai turawa ta tabbatar kafin ta danna. Kuma ba a cikin talla ake sa ta ba, sai an gama magana an san jimlar kuɗi. Lambar waya ita kuma in don a karanta ne, ki raba ta huɗu, uku, huɗu.

"Muna nan Legas" bai gaya wa kowa komai ba. Daga Ajah zuwa Agege tafiya ce da kan cinye wuni. Ki rubuta Agege, ki ƙara alama ɗaya da kowa ya sani, ko Pen Cinema ko tashar jirgin ƙasa, wadda ta fi kusa da ke. Tun Oktoban 2024 da jirgin Red Line ya fara ɗaukar fasinja tsakanin Agbado da Oyingbo, mai zuwa daga Yaba, Mushin, Oshodi ko Ikeja tana iya sauka a Agege ba ta shiga cunkoso ba, kuma layi ɗaya da ya tuna mata da haka zai iya kawo miki ita. Adireshin gida kuwa kada ki sa shi a abin da zai yi yawo a hannun mutanen da ba ki sani ba. Ke matar aure ce mai sana'a a cikin gida, ki bar shi sai wadda kuka yi magana kika natsu da ita, ko ku haɗu a alamar. Kuɗin kaiwa ki zauna da mai babur ɗin da yake miki aike ku fitar da na unguwannin da aka fi saye: Ikeja kaza, Surulere da Idi-Araba kaza, Obalende kaza, Lekki da Ajah kaza. Ki ajiye shi a saƙo daban. Ki faɗi ranakun da kike aikawa da kuma ko sai an biya kafin kaya su fita. Yawancin rigimar da ke tashi tsakanin mai kaya da mai saye daga abin da ba a faɗa ba tun farko take.

Na ga kuma an cakuɗa Hausa da Turanci layi bayan layi don a gamsar da kowa. Ya ninka tsawon saƙon, kuma kowace mai karatu sai ta tsallake rabi. A Legas kina da masu saye Yarabawa da wasu da ba sa jin Hausa, turarenmu ya shiga gidaje da yawa. Ki yi saƙo biyu, na Hausa daban na Turanci daban, ki tura wa kowa nata. Akwai kuma iyayenmu da karatun boko yake yi musu nauyi, sun fi sakewa da saƙon murya. Ki yi musu gajere, ƙasa da minti ɗaya, amma ki bi shi da lambobin a rubuce, domin ba a komawa cikin murya a nemo farashi.

Wasu za su ce miki kada ki rubuta farashi, ki bari a biyo ki ta saƙo a tambaya. Ban goyi bayan wannan ba. Mace da yawa tana jin nauyin ta tambaya sannan ta ga ya fi ƙarfinta, sai ta ƙi tambayar gaba ɗaya. Kuma ko kin gyara komai, za a samu masu cewa "nawa ne?" duk da haka. A wurinmu wannan tambayar buɗe ciniki ce, wata tana so ta ji ko akwai ragi, wata tana so ta tabbatar mutum ne a bayan lambar. Kada ki amsa da "ai yana rubuce". In ba ki koma WhatsApp Business ba ki koma, kyauta ne. Yana da wurin ajiye amsoshin da aka saba bayarwa, ki danna ɗaya ta tafi, da kundin kaya inda kowace kwalba za ta zauna da hotonta da kuɗinta, ba kamar sitatus da ke ɓacewa bayan awa 24 ba.

Yanzu maganar ɗanki, wadda na san ita ce ta sa kika rubuto. Da ya ce haka manyan kamfanoni suke yi, bai yi ƙarya ba, rabin zancen ya faɗa. Manyan allunan da ke bakin gadar Third Mainland ba sa sayar da komai a wurin, aikinsu su dasa suna a kan mai wucewa, shi ya sa hoto ne da kalma uku. Amma ya buɗe manhajar bankin da ke wayarsa ya duba inda aka rubuta kuɗin da ya rage masa. Zai ga lamba ce ƙarara, babba, a bango mai tsabta, ba hayaƙi a bayanta. Kamfani ɗaya ne yake yin duka biyun, kowanne da muhallinsa.

Sai dai ba na so ki shiga gardama da shi. Ke gwaggonsa ce, in kika ce aikin bai yi ba zai yi shiru don ladabi, ya tafi da ciwon a ransa, kuma bai koyi komai ba. Ki kira shi ku kaɗai, ba a gaban yara ko maigida ba. Ki fara da abin da yake gaskiya: hoton ya yi kyau, kina so ya zama tambarin da za a liƙa a jikin kwalabe da kuma fuskar sana'arki a Instagram. Sannan ki nuna masa tambayoyin da suke shigowa ki ce kina neman taimakonsa ya gano dalili. Ki ba shi aikin gwaji. Ya samu mata biyar masu irin shekarun kwastomominki, cikinsu har da mai sa tabarau da wadda bokonta bai yi nisa ba. Ya miƙa wa kowace wayar ya ce, "Mama, duba min nawa ne ƙaramar humra fara, kuma in kina Surulere yaya za ta iso miki?" Daga nan ya kama bakinsa. Kada ya nuna, kada ya yi bayani, ya dai kalli yatsanta da fuskarta, ya lura da inda ta tsaya da inda ta matso da wayar kusa da ido. Biyar ɗin ba da ka na faɗa ba. Nielsen ya yi lissafi a shekarar 2000 cewa gwaji da mutum biyar yakan tono kusan kashi 85 na matsalolin da ke cikin tsari. Da tsohon saƙon za a fara, sannan a gwada sabon da wasu matan daban.

Sai an gwada akan san na ƙwarai. Yaron da ya ga Hajiya ta uku tana juya waya tana neman farashin da shi ya san inda yake, ba sai kin ƙara masa ko kalma ba. Kuma wannan ne ilimin da zai ci abinci da shi gobe, domin masu iya ƙawata hoto sun cika Computer Village, kasuwar waya da kwamfuta ta Ikeja, masu zama su kalli yadda mutum yake amfani da abin da suka tsara su ne ba su da yawa. In da hali ki biya shi wannan aikin na biyu kamar yadda kika biya na farko, ya san aiki kika ba shi, ba gyaran laifi ba.

Jerin farashin kuma ya zauna a hannunki, a rubutun da ke da kanki za ki iya gyarawa. Kayan haɗi daga Maiduguri suke zuwa, kuɗin mota da na icen sandal ba sa zama wuri ɗaya, kuma in farashin yana cikin hoto duk ranar da ya motsa sai kin jira yaron ya samu lokaci, tsohon hoton kuma yana can yana yawo da tsohon kuɗi. Ki riƙa sa wata da shekara a ƙasan jerin, domin wadda ta zo da na watanni uku baya ku duba tare ku ga ranar da aka rubuta shi.